An Sako Shi, Katinsa Na Asibiti Ya Kwana A Gidan Yari

Duk wanda ya taɓa zuwa tarbar ɗan'uwa a ƙofar gidan yari ya san yadda ranar take. Tun hantsi ake tsaye a gindin katanga, gandiroba yana leƙowa jefi-jefi yana cewa a ƙara haƙuri, takarda ba ta sauko ba tukuna. Can wajen azahar sai ƙaramar ƙofa ta buɗe, mutum ya fito da baƙar leda a hannu, ya yi duhu ya zabge, yana ƙyafta ido kamar wanda aka tasa daga barci. A rungume shi, a yi barka da arziki, a ce Allah ya kiyaye gaba, a tari Napep a nufi gida. In ka buɗe ledar za ka ga riga ɗaya ko biyu, da carbi, da guntun sabulu. Abin da zai yi wuya ka gani shi ne takardar da za ta gaya wa malamin asibitin unguwarsu cewa wannan bawan Allah yana wata na uku cikin maganin tarin fuka, ko kuwa shekara guda ke nan yana haɗiyar ƙwayar farfaɗiya safe da dare.

A gida ma babu mai tambaya, murna ta hana. Sai dare ya raba, uwa ta jiyo tari mai tono ƙirji daga ɗakin zaure.

"Ɗan nan, wannan tarin fa?"

"Ba komi Inna, sanyin siminti ne. Zai wuce."

Shi ya san ba sanyi ba ne. Ya san sunan ciwon, ya san launin ƙwayar, ya san da safe ake shan ta kafin a karya. Abin da bai sani ba shi ne inda zai je ya karɓe ta a waje, da abin da zai ce in an tambaye shi a ina ya fara. A nan ne maganar lafiyar waɗanda suka fito daga gidan gyaran hali, kamar yadda ake kiransa yanzu, take tsinkewa. Ciki akwai mai kula da shi, ko da kulawar ba ta taka kara ta karya ba. Waje akwai asibitoci. Tsakanin biyun ne babu kowa.

Dalilin wannan giɓi yana cikin yadda aka raba iko. Sunan gidan yari kansa daga sarauta ya samo asali, domin Yari shi ne mai riƙe da kurkukun sarki. A zamanin En'e hukuma ɗaya ce ke riƙe da gidan yari da 'yan doka da kotun alƙali da ƙananan asibitocin sha-ka-tafi. A 1968 gwamnatin tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e ta haɗe su wuri guda. Yau gidajen da ke Katsina da Daura da Funtua da Malumfashi duk suna ƙarƙashin Hukumar Gyaran Hali ta Najeriya, ita kuma tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida a Abuja. Ma'aikacin lafiyar da ke ɗan asibitin cikin gidan ma'aikacin wannan hukuma ne, kaki yake sawa. Da mutum ya taka waje kuwa, ya faɗa hannun wasu iyayen gidan: Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ne, galibin manyan asibitocin garuruwa na jiha ne, ƙananan asibitocin mazaɓu kuma suna tsakanin hukumar lafiya matakin farko ta jiha da ƙananan hukumomi 34. Kowa da littafinsa, kowa da katinsa. Ga kuma wani ƙarin rikici: mafi yawan waɗanda ke tsare laifin da ake tuhumar su da shi na dokar jiha ne, kotun jiha ce ta tura su, amma tarayya ce ke ciyar da su da ba su magani.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. A watan Agustan 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, ta kuma sa gyara mutum da mayar da shi cikin jama'a a sahun gaba na aikin hukumar. A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, aka cire gidajen yari daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu, aka ba jihohi damar shiga. A duniya kuma akwai ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a watan Disambar 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela. Ƙa'ida ta 24 ta ce lafiyar fursuna nauyi ne a kan gwamnati, ya kamata ya samu kulawa daidai da ta mutanen waje, kuma a tsara aikin tare da hukumomin lafiya na ƙasa yadda magani ba zai yanke ba, har ta ambaci tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki da shaye-shaye da sunansu. Ƙa'ida ta 108 ta ce wanda za a saka a tabbatar yana da takardun shaida, da suturar da ta dace da yanayi, da guzurin da zai kai shi gida. A takarda dai an gama magana.

Akwai abu ɗaya da ya sa tsarin da ake kwafowa daga ƙasashen waje ba ya zama daram a nan, kuma shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. A can, galibin masu fita mutane ne da aka yanke wa hukunci, an san ranar fitarsu tun watanni kafin ta zo, ana iya shiri. A Najeriya kusan biyu cikin kowane mutum uku da ke tsare jiran shari'a suke yi. Mai jiran shari'a ba shi da ranar fita. Da safe aka kira sunansa, aka loda shi a mota zuwa kotu. Alƙali ya ba da beli, ko mai gabatar da ƙara ya janye, ko aka kori ƙarar don shaidu sun daina zuwa. In an cika sharuɗɗa a nan take, daga harabar kotu yana iya wucewa gida, ƙwayoyinsa na wata suna cikin durowar asibitin gidan yari, malamin asibitin kuma sai gobe da safe ya ga layi ya ragu da mutum ɗaya. Ko da an koma da shi don sa hannu, wanda ya yi shekara biyu yana jiran wannan rana ba zai tsaya neman mai riƙe da makullin ɗakin magani ba. Ni ma da ni ne ba zan tsaya ba.

Haka abin yake da sauran hanyoyin fita. Babban Jojin jiha yakan zagaya gidajen yari ya sallami waɗanda suka daɗe ba bisa ƙa'ida ba, da tsofaffi, da marasa lafiya. Gwamna yana da ikon afuwa a ƙarƙashin sashe na 212 na tsarin mulki, kuma akan yi ta a ranakun bukukuwa. Masu hali da ƙungiyoyi sukan biya wa mutane tara, musamman da azumi. A watan Nuwamban 2023 Ministan Cikin Gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin mutum 4,068 a faɗin ƙasa bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu tara da diyya. Duk waɗannan alheri ne, babu mai ja. Sai dai a lura: saki ne na taro, cikin yini guda, kuma rashin lafiya na daga cikin dalilan da ake zaɓen mutum a kansu. Wato wanda ya fi kowa buƙatar a miƙa shi hannu da hannu ga asibiti shi ne ake sakowa cikin gaggawa, ana ɗaukar hoto.

Tarin fuka shi ne ya fi nuna yadda wannan sakaci ke komawa kan kowa. Ƙwayar cutar a iska take yawo, kuma ba ta da masauki kamar ɗakin da aka gina don mutum ashirin aka zuba sittin, taga ɗaya can sama, ana kwana kai da ƙafa. Ƙara da yunwa. Kuɗin abincin fursuna na yini ya daɗe a naira 750 kafin a ɗaga shi zuwa 1,125, kuma duk wanda ya je kasuwa kwanan nan ya san irin gabzar da wannan kuɗi zai dafa sau uku. Jikin da ya rame ba ya iya danne cutar. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa yawan kamuwa da tarin fuka a gidajen yari ya ninka na waje kusan sau goma, ga shi Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu ciwon.

Maganin kyauta ne, gwajin majina ma kyauta ne, kuma shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa yana shiga gidajen yari da dama. Wata shida ake sha: wata biyu na farko magunguna huɗu a haɗe, wata huɗu na baya guda biyu. Tarkon yana tsakiya. Bayan 'yan makonni zazzaɓin dare ya tafi, tari ya lafa, abinci ya fara shiga, mutum ya ji garau. A ciki akwai mai kiran sunansa kowace safiya ya sa shi haɗiya a gabansa. A waje babu. Ga sauƙi ya samu, ga neman abin kai wa baka, ga kunyar zuwa asibiti. Sai ya bari. Ƙwayoyin cutar da suka rage su ne masu taurin kai, su sake hayayyafa, wani lokaci su dawo da ƙarfin da maganin farko ba ya jin su. Wannan shi ne tarin fuka mai bijire wa magani, wanda jinyarsa ta fi wuya da tsada. Kuma yanzu ba a ɗakin gidan yari yake tarin ba. A ɗakin da matarsa da jaririnta ke kwana yake yi, da sahun masallaci, da teburin mai shayi, da cikin motar haya daga Daura zuwa Mai'adua an rufe gilashi saboda hunturu.

Abin takaicin shi ne hanyar miƙa mara lafiya tana nan a cikin shirin. Kowane mai shan maganin yana da kati da lamba, akwai takardar sauya wurin karɓar magani, kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in tarin fuka da kuturta, akwai kuma lambar waya ta kyauta, 3340, da ake kira a tambayi wuri mafi kusa. Idan ɗan kasuwa mai shan magani ya tashi daga Funtua ya koma Dutsin-Ma ana cika masa takardar nan cikin minti kaɗan. Fursuna ma haka ya kamata, in an san zai tashi. A ƙa'idar shirin, wanda ya yi wata biyu a jere bai karɓi magani ba ana rubuta shi cikin waɗanda suka ɓace, a bi sawunsa. To wane adireshi za a bi? Wanda ya bayar ranar da aka kama shi, in ma na gaskiya ne.

Cuta mai karya garkuwar jiki tana da nata salon. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na manya ke ɗauke da ita, Katsina kuma tana cikin jihohin da abin ya fi ƙaranci. Binciken da aka yi a gidajen yari a daidai wannan lokaci, da hannun ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, ya samu kashi 2.8, wato ninki biyu, kuma mata fursunoni sun fi maza yawan kamuwa nesa ba kusa ba. Maganin yanzu ƙwaya ɗaya ce a yini, kyauta, har akan ba wanda ya daidaita na wata uku ko shida a tafi ɗaya. Amma ba a ajiye ta. In an bari, cikin makonni ƙwayar cutar ta sake yawa a jini, a lokacin da mutum ya koma shimfiɗar iyalinsa. Wani a ciki aka gwada shi aka gano, iyalinsa ba su sani ba. Ya fito da tabo ɗaya na zaman kaso, yanzu a ce ya buɗe baki ya ƙara na biyu? Dokar 2014 ta hana nuna wa masu cutar wariya, amma doka ba ta zama a zaure lokacin da surukai suka zo ɗaukar 'yarsu.

Sai shaye-shaye, wanda a ganina shi ne haɗarin da iyaye suka fi jahilta. Wani bincike da aka buga a 2007 ya bi sawun mutum sama da dubu 30 da aka sako daga gidajen yarin jihar Washington a Amurka. A mako biyun farko haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran jama'a kusan sau 13, na mutuwa ta hanyar zarce ƙima a shan ƙwaya kuwa ya ninka sau 129. Ƙwayoyinsu ba irin namu ba ne, amma jikin ɗan Adam ɗaya ne. Wanda ya saba da tiramol ko kodin, jikinsa yakan saba har sai ya ƙara yawa kafin ya ji ta. In ya yi wata shida a tsare bai samu ba, ko yana samun kaɗan (kada mu yaudari kanmu, tana shiga ciki), wannan sabon ya zube. Ranar da ya fito abokai suka yi masa liyafa a bayan gari, ya watsa adadin da ya saba watsawa da, jiki kuma ba na da ba ne. Tiramol mai yawa tana kawo jijjiga, in an haɗa ta da ƙwayoyin barci tana danne numfashi. Wadda ake sayarwa a ɓoye mai lamba 200 ko 225 ta zarce ta asibiti mai 50 ko 100. Da safe a ce an tarar da shi ya cika, a ce kwana ya ƙare. Ƙididdigar 2018 ta ce mutum miliyan 14.3 ne a ƙasar nan suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kusan miliyan 3 a Arewa maso Yamma, kuma a watan Mayun 2018 ɗin aka haramta maganin tari mai kodin. Magana ɗaya da malamin asibiti zai yi wa mai fita, cewa jikinka ya canja, abin da ka saba sha yanzu yana iya kashe ka, ba ta cin ko kwabo.

Ciwon ƙwaƙwalwa kuwa wasu da shi suka shiga, wasu a ciki ya same su. Shekaru da dama dokar mahaukata ta 1958 ce ke aiki, wadda a ƙarƙashinta ake iya tsare mai taɓin hankali a gidan yari ba tare da ya yi laifin komai ba. Sai a watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Wanda ke shan maganin taɓin hankali ya daina rana ɗaya, ciwon yakan dawo, kuma in ya dawo a tsakar gida dangi sukan fara da ruƙiyya da hayaƙi, in abin ya gagara a nemi mari. Mutanen Daura da Katsina ba su manta da watan Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a garuruwan biyu aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa da tabon bulala. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba duka ne marasa imani ba, da yawa rasa wurin kaiwa suka yi. Akwai asibitin masu taɓin hankali na jiha a Katsina, akwai sashen a asibitin koyarwa, akwai na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato, hukumar NDLEA ma tana ba da shawara ga masu son barin ƙwaya. Amma sai an gaya wa dangi, an kuma rubuta musu sunan maganin da yake sha. Ban da wannan akwai wanda bai haukace ba, ya dai daina barci, ƙarar ƙofa tana firgita shi, yana zama a ɗaki yini guda ba ya son ganin kowa. Mukan ce zaman kaso ne ya ladabtar da shi. Sau da yawa ciwon damuwa ne, kuma yana kai wasu ga hallaka kansu.

Hawan jini da ciwon suga da farfaɗiya da gyambon ciki ba su da shirin kyauta irin na tarin fuka, nan kuɗi ne ke magana. Ƙazuwa da makero su ne tsarabar da kusan kowa ke kawowa gida, kuma in ba a yi wa gidan duka magani tare an wanke shimfiɗa ba, haka za a yi ta zagaye.

Sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mara lafiya suke fita. Wanda ya fito jiya ba shi da aljihu. Babur ɗin da yake haya da shi an sayar an biya lauya, rumfarsa ta kasuwa wani ya shiga, gonar an jinginar. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun da ake zuba wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don lafiya matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusun masu rauni. A Katsina hukumar inshorar lafiya ta jiha, KATCHMA, ce ke yi wa talakawa rajista a wannan tsari. Sai dai gurbin yana da iyaka, sunayen kuma galibi daga rajistar masu ƙaramin ƙarfi ake ɗebo su, wadda ake tattarawa a cikin unguwanni da ƙauyuka. Wanda yake tsare lokacin da aka zo rubutu ba ya ciki. Ana kuma neman lambar NIN, da yawansu ba su da ita, wasu kuma layin wayarsu an toshe shi tun suna ciki. A farkon 2025 hukumar katin ɗan ƙasa ta ba Hukumar Gyaran Hali izinin yi wa fursunoni rajista, mataki ne mai kyau in ya iso har ƙananan gidaje.

Mu kuma nan muna da namu ƙarin. Wanda aka sako ɗan Batsari ne ko Safana ko Jibia ko Ƙanƙara ko Faskari, yana iya tarar da ƙauyensu ya tashi saboda 'yan bindiga, asibitin da ya sani a rufe, iyalinsa suna gudun hijira a wani gari. Wani ma komawa gida haɗari ne gare shi, in zargin kai wa 'yan daji bayani ne ya kai shi ciki, ko da kotu ta wanke shi. Ta ɓangaren Daura kuwa iyaka ce a kusa. Mutum ya fito yau, jibi ya tsallaka ta Kongolam ya nufi Damagaram, ko ta Jibia ya shiga Maraɗi. In babu takarda a hannunsa, babu asibitin Nijar da zai san inda aka tsaya.

Mata kaɗan ne a gidajen yari, ba su wuce kusan biyu cikin ɗari ba, amma faɗuwarsu ta fi zafi. Namiji yakan tarar da ɗakinsa. Mace sau da yawa takardar saki ce ke jiranta, ga goyo ko ciki, ga awo da rigakafin yaro da suka yanke.

Wasu ƙasashen sun taɓa wannan matsala ta hanyoyin da za a iya ɗaukar darasi. Ingila ta cire lafiyar fursunoni daga hannun hukumar gidajen yari ta miƙa wa hukumar lafiya ta ƙasa, aikin da aka kammala a 2006, don likitan ciki da na waje su zama 'yan gida ɗaya. A Amurka an daɗe inshorar talakawa ba ta biyan kuɗin jinyar wanda ke tsare, sai a 2023 aka ba jihar Kalifoniya izinin fara ɗaukar nauyinsa kwana 90 kafin ya fito. Wanda ya fi burge ni shi ne wani asibiti da aka buɗe a San Faransisko a 2006, inda aka ɗauki tsofaffin fursunoni aka horar da su suka zama ma'aikatan lafiya na unguwa, su ne ke tarbar masu fitowa su raka su wurin likita. Wanda ya ci gabza ya fi kowa sanin yadda ake magana da wanda ya ci ta.

Katsina ba sai ta jira sauyin doka ba. Tunda ba a san ranar fita ba, shirin fita ya fara tun ranar shiga: duk wanda aka ɗora a kan magani mai tsawo a rubuta masa kati ya riƙe a jikinsa, a tambaye shi mazaɓar da zai koma cikin 361 da jihar ke da su, da lambar wani nasa da ya yarda a kira. Duk ranar da za a kai shi kotu ya tafi da katin da maganin 'yan kwanaki a aljihu. Katin kuma ya zama irin na asibitin gwamnati da kowa ke riƙewa. In aka buga masa tambarin gidan yari ɓaro-ɓaro, a kwatar farko zai jefa shi, domin babu mai son miƙa wa ma'aikaciyar kati, wadda ƙila 'yar unguwarsu ce, shaidar inda ya fito a gaban layin mata. Wanda aka san ranar fitarsa a ba shi maganin wata guda, a kira jami'in ƙaramar hukumarsa a waya tun kafin ya iso. Ayarin Babban Joji in zai zagaya ya tafi da ma'aikacin lafiya na jiha da mai rajistar inshora, su zauna a tebur ɗaya a bakin ƙofa. Sashen kula da waɗanda suka fito da hukumar ke da shi, wanda aka fi sani da rabon keken ɗinki da kayan kafinta, a ƙara masa wannan aiki.

Dangi ma suna da nasu. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma mun iya karɓar mutum da baki mu ware masa kwano. Wanda ya yi mako biyu yana tari a kai shi gwaji, a kai yaran gidan ma, domin akwai maganin kariya da ake ba ƙanana. Mai unguwa da liman su ne suka fi sanin wanda ya dawo, kuma kalmarsu ce ke sa a yi masa sallama ko a tsallake shi a majalisa.

Masu biyan tara da azumi su ne na fi sa rai da su, don su ke da kuɗi a hannu da niyya a zuci, kuma ba sa jiran kasafi. Alhajin da ya ware kuɗin fansar mutum goma, ko ƙungiyar matan da ta yi karo-karo, kafin ranar su aika wani ya zauna da shugaban gidan ya ce, "Ranka ya daɗe, cikin waɗanda za a sako mana, akwai mai shan magani?" Ba sai an faɗa musu ciwon kowa ba, wannan sirrin mai shi ne. Malamin asibitin gidan yana da littafin a durowa, ya san su ɗaya bayan ɗaya, kuma in an ba shi kwana biyu zai cika takardun, ya ƙirga ƙwayoyin, ya ƙulla wa kowa nasa a cikin ledar da zai fita da ita.